Harshen Garifuna: Jinin Afirka, Bakin Arawak

Wanda ya ga mutanen Garifuna a gaɓar tekun Honduras ko Belize, baƙaƙen fata da gangunansu, zai yi zaton jin wani harshen Afirka a bakinsu. Sai dai Garifuna ɗan dangin harsunan Arawak ne, na 'yan asalin Amurka ta Kudu da tsibiran Karibiyan, kalmomin Afirka da ke cikinsa kuwa ba su taka kara sun karya ba. A ganina, wannan hujja ce babba cewa harshe gidan reno yake bi, ba ruwansa da launin fata.

A ƙarni na 17, 'yan Afirka da suka kuɓuta daga bauta suka sami mafaka a tsibirin St. Vincent, suka yi auratayya da mutanen wurin. 'Ya'yan da aka haifa suka tashi da bakin iyayensu mata. Bayan kashe shugabansu Joseph Chatoyer a 1795, Turawan Ingila suka kwashe su, suka sauke waɗanda suka rayu a tsibirin Roatán cikin Afrilun 1797. A yau harshen ya mutu a St. Vincent, wanda suke kira Yurumein, yana raye ne a inda aka jefar da shi.

Inda ya fi jan hankalin manazarta shi ne bambancin maganar maza da mata. Mace za ta ce "nuguya" tana nufin "ni", namiji ya ce "au". Ta matan daga Arawak take, ta mazan daga harshen Karib. Bahaushe ya saba da "kai" da "ke", amma can jinsin mai magana ne ke sauya kalmar. Ginshiƙin nahawun kuwa na Arawak ne, wato ɓangaren mata. Ko zaman da suka yi da Faransawa ya bar tabo a ƙidaya: "gadürü" huɗu, "seingü" biyar.

UNESCO ta karrama harshen, tare da kiɗa da rawarsu, a 2001, kundin waƙoƙin Andy Palacio mai suna Wátina kuma ya kai shi kunnen duniya a 2007. Duk da haka, karramawa ba ta reno. Yara da yawa a Honduras da Sifaniyanci suke tasowa, a Belize da Kiriyol, a unguwar Bronx ta New York kuma da Turanci, saboda da su ake yi musu magana tun suna goye.