Tarihin Makamashin da ke Cikin Fanko

A wurin masana fiziks na ƙarni na 19, fanko, wato sararin da aka kwashe komai daga cikinsa, har iska da haske, ba shi da makamashi ko kaɗan. Max Planck na Jamus ne ya fara girgiza wannan fahimta. A 1911, yana cikin gyara ka'idarsa ta hasken da abu mai zafi ke fitarwa, sai lissafi ya nuna masa cewa duk ƙwayar da ke kaɗawa tana riƙe da ɗan ragowar makamashi, ko da sanyi ya kai matuƙa. A 1916 Walther Nernst ya ce wannan ragowa ta cika sararin samaniya kansa. Ka'idar kwantum ta Heisenberg da Dirac, tsakanin 1925 da 1927, ta ba maganar tushe: babu ƙwayar da ke iya tsayawa cak.

Makamashin ya rarrabu ne a kan igiyoyi masu dogo da gajeren zango, kuma rabon ba daidai ba ne. Duk lokacin da saurin kaɗawa ya ninka biyu, yawan makamashin a wannan mataki yakan ninka takwas. A 1969 Timothy Boyer ya nuna cewa wannan tsari ne kaɗai ba ya sauyawa a idon mai kallo, yana tsaye ko yana tafiya da gudu bai ɗaya. Sai dai in aka tara duka, jimillar ba ta da iyaka.

A 1948 Hendrik Casimir, a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Holan, ya yi hasashen cewa faranti biyu na ƙarfe da aka kusanta ƙwarai za su ja juna. Dalili kuwa, igiyoyi masu dogon zango ba sa samun gurbi a tsakaninsu, sai na waje su rinjaya su matso su. Steve Lamoreaux ya auna wannan ƙarfi a 1997.

Babbar matsalar ta taso ne a 1967, da Yakov Zel'dovich na Tarayyar Sobiyat ya lura cewa dole wannan makamashi ya shafi faɗaɗar sararin samaniya. A 1998 masana taurari suka gano cewa faɗaɗar tana ƙara sauri, amma makamashin da ke tura ta ƙalilan ne ainun, kwatankwacin 'yan ƙwayoyin haidirojin a kowace mita kubik. Ƙiyasin kwantum mafi sauƙi ya zarce haka da ninki mai sifili wajen 120, kuma har yau ba a warware wannan saɓani ba.