Tarihin Garka da Lambu a Kudancin Kano

Garka ɗan fili ne da ake kewayewa da dangar kara a bayan gida ko a gefen gari, a shuka kayan miya a ciki. Lambu kuwa shi ne wanda ake yi wa ban-ruwa da rani, galibi a fadama. A ƙasashen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗannan biyun ne suka daɗe suna riƙe tukunyar miya daga damina zuwa damina, tun kafin a san madatsar ruwa ko inji.

Yanayin ƙasar ya taimaka wa sana'ar. Kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwan sama, musamman wajen duwatsun Riruwai. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore ya gangaro arewa, ƙoramu kuma suna barin danshi a fadamu bayan ɗaukewar ruwa. A irin wannan wuri, rijiya gajeriya ta isa a tarar da ruwa.

Kayan aikin mai lambu na da shi ne jigo: doguwar sanda da aka ɗora a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya kan. Mai lambu yana sunkuyar da gugar cikin rijiya, nauyin lakar ya ɗago ta, ya juye ruwan a magudana. Ana yanka filin fangali-fangali, a buɗe wa wannan ya sha, a toshe, a buɗe wa na gaba. Aikin yana cin ƙarfi, shi ya sa lambun jigo ba ya faɗi. Wannan ƙarancin fili ne ya koya wa manoma cin moriyar kowane taku na ƙasa. Albasa a tsakiyar fangali, alayyafo da yakuwa a kan kunya, kabewa tana bin danga, zogale kuma a jere ya zama shinge, ana tsinkar ganyensa. Ƙarfin ƙasar yana zuwa ne daga gida: kashin awaki da tumaki, na kaji, tokar murhu da ruɓaɓɓiyar sharar juji, waɗanda ake kaiwa a mangala a bayan jaki.

Shekarar mai garka a tsare take. Da damina ana shuka kuɓewa, rama, yakuwa, lalo, karkashi da gauta, ruwan sama ya yi aikin. Da kaka ana renon irin albasa da tumatir, a yi dashe idan sanyi ya shigo, domin hunturu ne lokacin da suka fi yin kyau. Bazara ita ce mai wuya: rijiya ta ja baya, zafi ya kakkaɓe furen tumatir. A nan ne aikin mata yake fitowa. Kuɓewar da suka yanyanka suka shanya, kauɗar tumatir, gabu na ganyen albasa da busasshen tattasai su ne ke cike giɓin har ruwa ya sauka. Saboda haka shanya tana cikin aikin lambu kamar yadda ban-ruwa yake ciki.

Kayan lambun ma sun sauya da zamani. Kuɓewa, yakuwa da albasa tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Barkono da tumatir asalinsu nahiyar Amurka ne. Kabeji, karas da latas sun yaɗu ne a zamanin Turawa da bayansa, kuma sunayensu ma sun nuna baƙi ne.

Babban sauyi ya zo a mulkin Gwamna Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975. A ƙasar Bebeji aka gina madatsar Bagauda, sannan ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, lokacin da fari ya addabi arewa. Ruwan Tiga ne ke shayar da filayen Kadawa a Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ta nuna cewa irin wannan aiki yana buƙatar kulawa ta kullum.

Ƙaramin manomi kuwa ya fi jin sauyin ta hanyar injin ban-ruwa mai shan fetur da rijiyar bututu, waɗanda hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ta yaɗa daga shekarun 1980, shirin Fadama ya ƙara faɗaɗa su daga 1993. Jigo ya ja da baya, lambuna suka faɗaɗa, mutane da yawa suka koma shuka tumatir zalla don kasuwa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, masu shuka abu ɗaya suka tafka asara.

Garkar gida ba ta bi wannan hanyar ba. Har yau ana haɗa shuke-shuke iri-iri a wuri ɗaya, a bi jerin lokutan shekara, a zuba takin gida, a shanya rara. Inda fili ya yi ƙaranci a cikin gari, ana cika buhuna da ƙasa da taki a dasa tattasai da alayyafo a tsakar gida, a shayar da su da ruwan rijiya safe da yamma.