Aron Makamai a Yaƙin Hitila: Aro Ne, Rance Ne, Ko Kyauta?



Ya ku ƴan'uwa, kun san Bahaushe ya bambanta aro da rance. Wanda ya ari gatari, gatarin zai mayar. Wanda ya ranci tiyar hatsi, kwatankwacinta zai biya, domin ita ta riga ta shiga ciki. Ku riƙe wannan bambanci, domin a kansa ne manyan ƙasashe suka ƙulla wata gagarumar mu'amala a yaƙin duniya na biyu.

A shekarar 1940 Jamus ta murƙushe Faransa, aka bar Ingila gaba da gaba da Hitila. Dokar Amurka a lokacin ita ce: mai son makami ya biya kuɗi hannu, ya ɗauka a jirginsa. Ingila ta yi ta biya har baitulmalinta ya kusa ƙarewa. Ƙofar rance kuma a rufe take, saboda Ingila ta daina biyan bashin yaƙin farko, kuma wata doka ta 1934 ta hana Amurkawa ranta wa irin wannan gwamnati.

Sai shugaba Ruzbelt ya zo da dabara a watan Disamba 1940. Ya buga misali da maƙwabcin da gobara ta kama gidansa: ba ka tsaya cinikin tiyon ruwa da shi, miƙa masa kake, in wuta ta mutu ya mayar. Misalin ya yi kyau, amma akwai rami a cikinsa. Tiyo yana dawowa. Harsashin da aka harba fa, da jirgin da ya nutse? Wani ɗan majalisa, Robat Taft, ya kwatanta abin da aron cingam, wanda ba mai son a mayar masa bayan an tauna. A ganina shi ya fi kusa da haƙiƙa. Duk da haka an sa hannu a dokar ranar 11 ga Maris 1941.

Kayan da aka tura sun kai kimanin dala miliyar 50. Ingila ta sami wajen miliyar 31, Tarayyar Sobiyet wajen miliyar 11, sauran ya tafi ga Faransa da Sin da wasunsu. Kada ku zaci bindiga ce kawai. Sobiyet ta karɓi kamiyo da ƙananan motocin soja fiye da 400,000, da kawunan jirgin ƙasa kusan 2,000, da takalman soja miliyoyi, da naman gwangwani. Ita tana ƙera tankokinta da kanta. Abin da ya yi mata ƙaranci shi ne abin jigila, alhali soja ba ya yaƙi sai abinci da harsashi sun iske shi.

Isar da kayan ma wani yaƙi ne. Wasu sun bi ta Iran, wasu ta tekun Pasifik, wasu ta tekun ƙanƙara na arewa zuwa Murmansk. A wannan hanya ta ƙarshe, a watan Yuli 1942, ayari guda ya rasa jiragen kaya 24 cikin 35.

Akwai kuma hanyar da ta ratsa kusa da mu. Tun 1940 ana sauke jiragen sama cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wadda yau ake kira Njamena, su bi ta Hartum har Masar, inda ake gwabzawa. Da farko na Ingila ne, daga baya na Amurka suka bi sahu. Cadi ta riga ta bi Janar Degol, shi ya sa aka sami mashiga. Nijar kuwa a lokacin tana hannun Faransawan da suka yi sulhu da Jamus.

To, ina batun biya? Abin da wuta ta ci ba a nemi kuɗinsa ba, wannan karamci ne, kuma adalci ne a faɗa. Ƙawayen ma sun ciyar da sojojin Amurka, sun ba su masauki da kaya. Amma a yarjejeniyar 1942 an gindaya wa Ingila sharaɗin sassauta fifikon ciniki da take yi tsakaninta da ƙasashen daularta, wato ta buɗe kasuwanninta.

Da Japan ta miƙa wuya a watan Agusta 1945, shugaba Turuman ya yanke shirin ba zato. Ingila, mai nasara amma aljihu wayam, ta sayi kayan da suka rage da rahusa a kan bashi, ta kuma ranci dala miliyar 3.75 da kuɗin ruwa biyu cikin ɗari, wato riba ƙarara. Sobiyet ta yi ta jayayya a kan lissafinta har 1972, sa'ad da aka daidaita a kan dala miliyan 722. Ingila kuwa ba ta sauke nata nauyin ba sai ranar 29 ga Disamba 2006, da ta aika wa Amurka kaso na ƙarshe, kimanin dala miliyan 83.