Kisan Ƙauyen Road da Asalin Labaran Tsohuwa Mai Gano Masu Kisa

Da safiyar Asabar, 30 ga Yunin 1860, mai renon yara a wani katafaren gida da ke ƙauyen Road, a kudu maso yammacin Ingila, ta farka ta ga babu Saville Kent a gadonsa. Yaron bai cika shekara 4 ba. Ta ɗauka uwarsa ce ta zo ta ɗauke shi cikin dare, sai da ta ƙwanƙwasa ƙofar uwargidan aka gane ba ya nan. Mahaifinsa Samuel Kent, jami'in gwamnati mai duba masana'antu, ya kama hanyar garin Trowbridge don sanar da 'yan sanda. Kafin ya dawo, wasu mutum biyu 'yan ƙauyen, manomi da mai ɗinkin takalma, sun gano gawar yaron a cikin salgar barorin gidan, naɗe da bargo, an yanka masa wuya.

An kulle gidan da daddare. Taga ɗaya ce aka tarar a ɗan buɗe, ita ma daga ciki aka buɗe ta. Ke nan wanda ya yi wannan ɗanyen aiki a cikin gidan ya kwana. Wannan ne ya girgiza Ingila fiye da kisan kansa, domin mutanen wancan zamani sun ɗauki gidan mai mutunci a ƙauye a matsayin wurin da mugunta ba ta shiga. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Da 'yan sandan yankin suka kasa, sai aka turo Sufeto Jonathan Whicher daga Landan, ɗaya daga cikin mutum 8 da aka kafa sashen binciken laifuka na Scotland Yard da su a 1842. Cikin 'yan kwanaki hankalinsa ya tsaya kan Constance Kent, 'yar shekara 16, yayar yaron amma 'yan uba ne. Mahaifiyarta ta rasu a 1852, shekara na zagayowa mahaifinta ya auri malamar da ke koyar da yaran a gida, ita ce ta haifi Saville. Hujjar Whicher ita ce rigar barcin Constance guda ɗaya da ta ɓace daga kayan wanki. Ya kama ta, amma rigar ba ta fito ba, kotu ta sallame ta, jaridu kuma suka yi masa caa. Laifinsa a idonsu a fili yake: ɗan mai aikin lambu ya shiga gidan manya yana ƙirga kayan wankin 'ya'yansu mata. A 1864 ya bar aiki, sunansa a ɓace.

Daga nan kowa ya zama mai bincike. Wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa Scotland Yard da ofishin ministan cikin gida da gidajen jaridu, kowa da wanda yake zargi. Shahararren marubuci Charles Dickens ma ya yi nasa hasashen, ya ɗora laifin kan mahaifin yaron da mai renon. Wani majistare mai suna Thomas Saunders ya buɗe zaman bincike na kashin kansa a ƙauyen, yana kiran maƙwabta suna faɗin abin da suka gani da wanda suka ji a bakin wani. Yawancin zaman shirme ne, amma a nan aka ji cewa 'yan sandan yankin sun taɓa tsintar wata riga mai jini a cikin murhun gidan, ta salwanta a hannunsu, suka ja bakinsu suka yi shiru. Ita kuwa mai renon, Elizabeth Gough, an gurfanar da ita a gaban majistarori, aka rasa hujja aka sake ta, bayan an gama yayata sunanta a faɗin ƙasar da zancen da ba ta ji ba ba ta gani ba. Iyalan Kent ma zaman ƙauyen ya gagare su, suka tashi.

Sai a 1865 Constance ta kai kanta gaban hukuma ta amsa laifin, bayan ta fara faɗa wa wani limamin coci a garin Brighton. An yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta shi zuwa ɗaurin rai da rai, ta yi shekara 20 a kurkuku. Bayan ta fito ta koma Ostireliya, ta canza suna, ta zama nas, ta rasu a 1944 tana da shekara 100. Whicher ne ya yi gaskiya tun farko. Dubban masu hasashe kuwa ba abin da suka ƙara sai ɓata sunan marasa laifi.

Amma adabi ya ɗauki wani darasin daban. A littafin The Moonstone na Wilkie Collins, wanda ya fito a 1868, akwai gidan manya a karkara, da rigar barci mai tabo, da ɗan sandan Landan da ya zargi 'yar gidan aka sallame shi. Bayan tafiyarsa wani ɗan dangi ne ya ci gaba da binciken har gaskiya ta fito. A ganina nan ne tushen abin. Masu karatu suna son a tona asiri, amma sun fi son na gida ya tona shi, wanda ya san yadda ake zama a falo, wanda zai yi tambaya ba a ji an ci mutunci ba. A Amurka, Anna Katharine Green ta fito da Amelia Butterworth a 1897, wata dattijuwa mai leƙen maƙwabta ta taga a birnin New York. A 1910 G. K. Chesterton ya kawo Father Brown, limamin cocin Katolika da ya san zuciyar mai laifi saboda yawan sauraron masu tuba.

Wadda ta kai wannan salo ƙololuwa ita ce Agatha Christie, haifaffiyar garin Torquay a 1890. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aikin jinya, daga baya ta koma ɗakin haɗa magani, inda ta san guba ciki da bai. A watan Disamban 1927 wata mujalla a Landan ta buga gajeren labarinta da Miss Jane Marple ta fara fitowa a ciki. Mutum shida ne suka zauna hira a ɗakin tsohuwar: marubuci, wanda ɗan ɗan'uwanta ne, da mai zane, da limamin coci, da lauya, da tsohon kwamishinan Scotland Yard, sai ita a gefe tana saƙa. Suka shirya duk daren Talata wani ya kawo labarin wani laifi mai ɗaure kai, saura su warware. Ba wanda ya sa ta a lissafi. Duk mako ita ke faɗin amsa.

Christie ta ce ta ɗauko wani ɓangare na halin Marple daga kakarta da ƙawayen kakar, tsofaffin da ba sa kyautata wa kowa zato, kuma sau da yawa zaton nasu ya tabbata. A 1930 littafin The Murder at the Vicarage ya fito, aka ga ƙauyen Marple, St Mary Mead, sosai. An harbe Kanar Protheroe, mutumin da kusan kowa ke ƙi, a ɗakin karatun limamin cocin. Gidan Marple na maƙwabtaka da wurin. Tana yini a lambunta tana cire ciyawa, ga madubin hangen nesa na kallon tsuntsaye a kusa, ba mai wucewa ba ta gan shi ba. Sufeton 'yan sanda na ta kai-komo da littafin rubutu, ita kuwa ta riga ta ƙirga mutum 7 da ke da dalilin kashe Kanar, ta kuma lura cewa matarsa ta wuce a ranar ba ta riƙe da jakar hannu, abin da mace irinta ba ta yi.

Dabararta guda ce. Duk wanda ta gani sai ta tuno wani mai irin halinsa da ta taɓa sani a ƙauye, wata 'yar aiki ko wani mai kanti, ta tuna yadda nasa al'amarin ya ƙare. Imaninta shi ne halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, kuma ƙauye ne wurin da ake ganinsa kusa-kusa. Mai karatun Hausa ba zai sha wahalar gane ta ba, domin kusan kowace unguwa akwai gyatumar da ta san wanda ya auri wa, wanda ake bi bashi, da gidan da aka yi rigimar gado shekara 30 da suka wuce. Littattafai 12 da gajerun labarai 20 Christie ta rubuta a kan Marple, na ƙarshen ya fito a 1976, shekarar da marubuciyar ta rasu.

Me ya sa mutane suka rungumi irin wannan labari? Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ci sojojin Birtaniya fiye da 700,000. Ƙidayar 1921 ta nuna mata sun ɗara maza da fiye da miliyan 1.7 a Ingila da Wales, wato akwai mata masu ɗimbin yawa da ba za su sami miji ba, ana yi musu kallon waɗanda ba su da wani amfani. Sai ga labarin da irin wannan mace ce ta fi kowa basira. Ga kuma al'ummar da ta ga mutuwa barkatai a fagen fama, tana neman labarin da mutuwar mutum ɗaya ke da dalili, a gano dalilin, a hukunta mai laifi, gari ya koma zaman lafiya. Da kamfanin Penguin ya fara sayar da littattafai masu bangon takarda a kan sisi a 1935, akwai na Christie a cikin goman farko.

Ba kowa abin ya burge ba. A 1944 Raymond Chandler, marubucin labaran laifi na biranen Amurka, ya caccaki salon, ya ce kisan da ake yi a cikinsa wasan ƙwaƙwalwa ne kawai, ba irin wanda ake yi a duniya ba. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren. An wanke jini daga waɗannan labarai, ba kasafai ake jin kukan uwar mamaci ba, barori da talakawa kuwa galibi ado ne. Amma a babban batu Christie ce ta fi kusa da gaskiya. Mai kisa a littattafanta miji ne, ko mata, ko magaji, ko amintaccen likita, dalilinsa kuma kuɗi ne ko kishi ko tsoron tonon asiri. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa daga cikin mata da 'yan mata kimanin 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, kashi 60 cikin 100 abokan zamansu ne ko danginsu suka kashe su. Abin da ya faru a ƙauyen Road ke nan.

Sanin gubar da Christie ta yi ma ya taɓa ceton rai. An kawo wata jaririya daga Katar zuwa asibitin Hammersmith da ke Landan, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata nas da ke karanta littafin Christie mai suna The Pale Horse ta lura alamun sun yi kama da na gubar taliyom da aka bayyana a ciki, musamman zubewar gashi. Aka gwada, aka tabbatar, yarinyar ta rayu.

Talabijin ya ƙara yaɗa salon. Joan Hickson ta fito a matsayin Marple a BBC daga 1984 zuwa 1992. A Amurka Angela Lansbury ta shafe 1984 zuwa 1996 tana fitowa a shirin Murder, She Wrote, a matsayin bazawara marubuciya a wani ƙaramin garin bakin teku da aka ƙirƙira a jihar Maine. A 2020 Richard Osman ya fito da labarin wasu tsofaffi huɗu a rukunin gidajen 'yan fansho da ke taruwa duk Alhamis suna tono tsoffin shari'o'in kisa, littafin ya yi kasuwa ƙwarai.

Abin da masu sha'awar waɗannan labarai kan manta shi ne Marple ba ta yanke wa kowa hukunci a bainar jama'a. Ko ta gane mai laifi takan kame bakinta har sai an sami hujja, sannan ta faɗa wa 'yan sanda a keɓe. Kuma marubuciya ce ta tsara mata duniyar da zatonta ba ya kuskure. Mu ba mu da wannan gatan. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma duk wanda ya ga yadda jita-jita ke tunzura taro a kan wanda ake zargi ya san illar ba ta tsaya ga ɓata suna ba.

Ingila kanta ta sake ganin haka. A ranar 27 ga Janairun 2023 wata mata mai 'ya'ya biyu ta ɓace a ƙauyen St Michael's on Wyre da ke Lancashire, bayan ta kai yaranta makaranta ta fita zagaye da karenta a bakin kogi. An tsinci wayarta a kan benci. Tun farko 'yan sanda suka ce sun fi kyautata zaton kogin ta faɗa. Masu TikTok da YouTube ba su yarda ba. Suka yi wa ƙauyen tsinke da wayoyi a hannu, suna kutsawa filayen mutane da tsoffin gine-gine, suna ɗaukar hotunan gidaje, suna jifan abokin zamanta da ƙawayenta da zargi alhali suna cikin tashin hankali. Sai da 'yan sanda suka fitar da umarnin korar masu wannan ɗabi'a daga yankin. A ranar 19 ga Fabrairu aka gano gawarta a cikin kogin, kimanin mil ɗaya daga bencin. A watan Yunin shekarar, kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa tsautsayi ne ya sa ta faɗa cikin ruwan sanyi ta nutse, babu hannun kowa a ciki.