Igiyar Shehu da Lambun Bello: Da Me Shugabannin Jihadi Suke Ci?

Wannan yanki namu na bakin Kwara, tun daga Lafagu da Bagudo zuwa Illo da Ka'oje har iyakar Jamhuriyar Benin, yana cikin ƙasar Gwandu, watau sashen yamma na daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya damƙa wa ƙanensa Malam Abdullahi yayin da ya raba ɗawainiyar mulki a 1812, ya bar wa ɗansa Muhammadu Bello sashen gabas. Labarin yaƙe-yaƙensu sananne ne ga yaro da babba, tun daga hijira zuwa Gudu da gumurzun Tabkin Kwatto a 1804 har faɗuwar Alkalawa a 1808. Amma akwai wata mas'ala da ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali kuwa su kansu sun ba ta muhimmanci ƙwarai, ita ce mas'alar abin da waɗannan bayin Allah suke sa wa bakin salati, da inda yake fitowa, da abin da suka mallaka ran da suka koma ga Ubangijinsu.

An haifi Shehu a Maratta a 1754, cikin zuriyar Toronkawa, gidan da jarinsa littafi ne da allo, da 'yan dabbobin da ba a raba Bafillace da su. Riwayar da ta shahara a bakin malamai ita ce, duk da cincirindon almajiran da suka kewaye shi a Degel, tufkar igiya ce sana'ar da yake ci da ita. Wanda bai taɓa zama kusa da mai tufka ba zai ɗauka abin wasa ne. Sai an sare rama an jiƙa ta, an ɓare bawon an shanya, sa'an nan mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin zaren a babban yatsansa, yana murzawa tsakanin tafukan hannu yana ƙara sili a kan sili, har tafin ya yi kanta. A ƙarshe kuma abin da zai samu, ko igiyar guga ce ko ta dabaibayi, 'yan wuri ne ƙalilan a kasuwa. Mutumin da sarakuna ke shakkar kalmarsa, a kan wannan ya dogara, kuma ana ba da labarin cewa tufafinsa ba su wuce riga da wando da rawani ɗai-ɗai ba.

Fa'idar wannan ƙana'a ta bayyana wajen 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Babbar Salla, ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu miskali 500 na zinariya, abin da ya haura kilo 2 a ma'aunin yau. Shehu bai karɓa ba. A maimakon dukiyar sai ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji, Bawa kuwa ya amince. A ganina nan ne asirin al'amarin yake, domin da ya miƙa hannu ya karɓi zinariyar nan, da harshensa ya yi nauyi wajen yin roƙo na biyar, tun da yake daga guminsu talakawan aka tara ta. Igiyar ce ta ba shi ikon ya dubi sarki ya faɗi abin da sauran malaman fada ba su iya faɗa ba. Haka kuma a Kitabul Farƙi, inda ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa, mafi yawan abin da ya ambata na dukiya ne: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa, da tawasar da ake karɓa a hannun mahauta, da kame dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da cinye gadon baƙon da ya mutu a gari.

Abin sha'awa ne a lura cewa a 1774, shekarar da Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, a ita ce wakilan Amurkawa suka yi taronsu na farko a Filadelfiya don ƙin haraji da dokokin takura da Ingila ta ɗora musu. Sai dai jagororin can galibinsu masu hali ne. George Washington, wanda ya ƙi karɓar albashi da aka naɗa shi shugaban mayaƙa a 1775, ya ce a biya shi abin da ya kashe kawai, ya iya yin haka ne saboda yana cikin mafiya arzikin ƙasar. Ya rasu a 1799 da filaye fiye da eka 50,000, da bayi 317 a gandunsa na Mount Vernon, 123 daga cikinsu nasa na kansa, waɗanda ya yi wasiyyar a 'yanta.   Shi dukiya ce ta wadatar da shi daga taskar hukuma, namu kuwa ƙarancin bukata ne, kuma tafarkin nan na biyu ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin mai shi kullum yana ganin abin da ya bari.

Jarrabawa ta haƙiƙa ta zo ne bayan nasara, lokacin da ganima ta fara kwararowa, aka wayi gari waɗanda jiya suke kwana da yunwa a Gudu yau suna rabon dawaki da bayi. Shari'a ta bayyana hukuncin wannan dalla-dalla: humusi na baitulmali ne, saura na mayaƙa, kuma shugaba yana da hakkin ya ci daga baitulmali gwargwadon bukatarsa, babu laifi a kansa. Amma Alhaji Sa'idu, wanda ya rubuta tarihin sarakunan Sakkwato kuma ya zauna a fadar, ya ba da labarin cewa Muhammadu Bello bai yarda ya yi amfani da wannan rangwame ba. Tun farkon jihadi ya nuna wa mahaifinsa cewa shi Shehu dattijo ne mai nauyin jama'a, lalura ta halatta masa, amma shi Bello saurayi ne mai ƙarfi, saboda haka ya nemi sana'a ya wadatu da ita. Da ya zama Sarkin Musulmi a 1817 kuma aka san shi da ɗan lambunsa da yake ci daga gare shi. Baturen nan Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, ya iske mai mulkin ƙasar da ta fi kowace girma a Sudan ta tsakiya zaune a kan 'yar darduma cikin ɗaki mai rufin ciyawa, sanye da shuɗiyar riga ta auduga da farin rawani; da ya komo a 1826, cikin tsarabar da ta faranta wa Bello rai har da littafin handasa na Iƙlidis da Larabci, domin nasa ya ƙone a gobara. Kuma Bello bai tsaya ga kansa ba, gama a Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sanya raya sana'o'i cikin wajiban shugaba, ya umurce shi ya kula da manoma da maƙera da marina da maɗinka, ya gyara kasuwanni da hanyoyi.

To, amma wanda ya fi kowa jin zafin abin a zuciyarsa shi ne namu na Gwandu. Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙi, Malam Abdullahi ya dubi rundunar da aka fara tarawa don Allah, ya ga manyan sahabbansa na farko da yawa sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa himmarsu ta koma ga tufafi masu ƙawa, da ingarmun dawaki, da tara ƙwaraƙwarai, da neman sarauta. Sai ya sulale ya bar rundunar da nufin tafiya Makka. Mutanen Kano suka tsare shi da roƙo, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙati a 1813, bai ɓoye aibin jama'arsa ba, kuma ina ganin wannan gaskiya tasa ta cancanci a riƙa karanta ta tare da labarin nasarori, domin shaida ce ta wanda ya gani da idonsa.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi abin da ya biyo baya. Tsentsenin mutum uku bai hana daular ta ginu a kan aikin bayi ba; rumada da gandaye sun yawaita a kewayen Sakkwato da Gwandu da Kano da Zazzau, kuma gaisuwar da Shehu ya yi tir da ita ta komo fadoji da sunanta. Fataken goro da ke ƙetare Kwara ta wajen Illo zuwa Gwanja, da masu jakunan gishirin Foga, sun ci gaba da biyan kuɗin hanya ga masu iko. Zuhudu hali ne na mutum, ba a rubuta shi cikin takardar gado, ko da yake a gidan Abdullahi ya ɗan jima: ɗansa Halilu, wanda ya yi sarautar Gwandu daga 1833 zuwa 1858, ya kasance mai keɓewa ga ibada har matafiyin nan Barth, da ya sauka garin a 1853, bai sami ganin fuskarsa ba.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, Abdullahi a Gwandu wajen 1829, Bello a Wurno a 1837, Allah Ya jiƙansu da rahama, kuma abin da aka fi ƙirgawa cikin abin da suka bari shi ne littattafai, waɗanda tsakanin su uku suka kai ɗaruruwa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba a jima ba suka kafa taskar En'e a masarautu, suka fara daga Katsina, suka kira ta da tsohon sunan nan na baitulmali. Zuwa wajen 1911 an yanka wa sarakuna da alƙalai da hakimai albashi daga kuɗin haraji da jangali, kowa yana karɓar nasa a ƙarshen wata.