Fulogi Da Tsohuwar Mota: Kowanne Da Zamaninsa

Wannan makon za mu waiwayi tarihin fulogi, ɗan ƙaramin ƙarfen nan da ke kunna wuta a cikin injin mota.

A 1860 Étienne Lenoir ya ƙera inji a Faransa wanda tartsatsin lantarki ke kunna shi. A 1902 injiniya Gottlob Honold na kamfanin Bosch a Jamus ya haɗa fulogi da na'ura mai ba da wuta mai ƙarfi, daga nan injin fetur ya zama abin dogaro. Kamfanin NGK kuwa an kafa shi a Nagoya ta Japan a 1936.

Mu nan Arewa, Peugeot 504 ce ta koya wa kanikawanmu fulogi. Ta fito a Faransa a 1968, masana'antar Peugeot ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. Mota ce mai kafireta da kwantak, wutarta ba ta kai ta motocin yau ƙarfi ba. Shi ya sa aka yi mata fulogi mai cikin jan ƙarfe, mai ƙaramin giɓi, kusan milimita 0.6. Fetur ɗin wancan lokacin yana da dalma, mai tara datti a bakin fulogi, don haka ake yawan sauya shi.

Fulogin iridium ya zo ne a shekarun 1990, domin injinan da kwamfuta ke auna musu mai. A can yana daɗewa sosai. A tsohon injin da ke shan mai fiye da kima ko yake ƙona baƙin mai, shi ma baƙi zai yi, kuɗin ya tafi a banza.

Idan mun shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka, mu tafi da tsohon fulogin a hannu. Mu gwada tsawon zarensa, domin mai tsawo yana iya taɓa fistin. Mu duba lambar zafi da kyau: a NGK babbar lamba tana nufin fulogi mai sanyi, a Bosch kuwa mai zafi. Mai zafi fiye da kima yana iya huda fistin a doguwar tafiya, mai sanyi kuma ya toshe a cunkoson gari. Sannan bakanike ya auna giɓin kafin ya ɗaure.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.