Ruwan Dilimi, kuza, da injin tace ruwa da ake tallata mana

Kwanan nan matasanmu da suka shiga kiwon kifi, wasu tarwada a kwami, wasu kifin ado a akwatin gilashi, suna ta muhawara kan injin tace ruwan da 'yan fiya wata ke kira RO. Wai idan babu shi kifi ba zai yi ba. Kafin wani ya sayar da babur ɗinsa, ya kamata mu waiwayi tarihin ruwan da muke sha.

Garin nan a kan ruwan Dilimi ya tashi. Tun kafin Turawa, maƙeran Liruwen Dalma suna narka kuzar da ake wankowa daga rafukan ƙasar nan. A farkon shekarun 1900 kamfanin Neja ya turo injiniyansa Laws, aka kafa sansani a Naraguta, leburori suka kwararo daga Kano, Zariya, Bauchi da Barno. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914. Aikin kuza kuwa aikin ruwa ne: a fasa ƙasa, a wanke, a ɗebe mai nauyi, a saki laka ta bi rafi. Shekara da shekaru Dilimi yana ɗaukar wannan laka ya yi arewa da ita, har ya shiga kogin Jama'are. Da farashin kuza ya karye a 1985, abin da aka bar mana shi ne ɗaruruwan ramuka cike da ruwa. Daga baya muka ɗora namu: shara, ruwan kwata, baƙin man gareji. Wannan kam ba Bature ya zuba ba.

Shi injin RO asalinsa wata matsala daban aka ƙera shi ya magance. A wajajen 1960 wasu masana biyu a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, Loeb da Sourirajan, suka samar da fatar da ake matsa ruwa ta cikinta da ƙarfi, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. A 1965 garin Coalinga ya fara shan irin wannan ruwa, saboda nasu na zartsi ne. Masu kifin ado sun karɓe shi ne inda ruwa ke da nauyi, wato wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, buta kuma ta yi farin ɓawo. Irinsa ana samunsa a ƙasa mai farar ƙasa, kamar yankin Kalambaina a Sakkwato.

Mu kuwa a kan dutse muke zaune, dutsen da ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi. Shi ya sa yawancin ruwan Jos ba shi da nauyi. Duk wadda ta taɓa wanki da shi ta sani. Gonar kifi ta Panyam, da aka fara a 1951, ta yi kiwonta tun ba a ƙirƙiro injin ba. A ruwa irin namu, abin da mai kifi kan buƙata sau da yawa shi ne ƙarin farar ƙasa, ba ragi ba. Ruwan da RO ya tace fes, idan ba a mayar masa da sinadaran da aka cire ba, tsaminsa na iya sauyawa farat ɗaya, ka wayi gari kifi sun juya ciki sama. Ga asara: ƙaramin injin gida yakan zubar da lita uku ko fiye kafin ya ba ka ɗaya. A unguwar da muke sayen ruwa jarka jarka daga 'yan garuwa, wa zai jure wannan?

Ba mu ce injin ba shi da amfani ba. Rijiyar da ke kusa da tsohon ramin kuza, ko da shadda, ko da gareji, tana iya ɗaukar abin da ido ba ya gani, kuma RO yana tare mafi yawansa. Amma a nan yaranmu suka fi kifi buƙatarsa. Mai kifin da ke amfani da ruwan famfo ya tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana, warin maganin ya fita. Mai rijiya ko burtsatse ya kai kwalba ɗaya a gwada masa tukuna, kuɗin gwajin bai kai kusa da kuɗin injin ba.